Jikar Mai Kala

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da soja suka canza launin kuɗi, na kifar da ƙwaryata a gonar dagaci da ke gefen Fulatan, na rantse ba zan ƙara yin kala ba. Damina biyu ke nan da rasuwar babanmu, rumbunmu babu komai sai gizo-gizo. Ni da Inna muke bin gonakin da aka gama cire gyaɗa, muna tona da guntuwar fartanya, mu tsinci abin da ƙasa ta riƙe, shi za mu kai kasuwar Rogo mu samo dawa. To, ranar nan 'yan matan gidan dagaci suka wuto da tallan fura, suna rera mini "jikar mai kala" har da tafi. Ni kuwa tun ina ƙarama ba na ɗaukar raini.

Iya Saratu ce ta tsince mini gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa Kirista, ita ma ba ta san ko bihim ba, amma abin da ta ji a cocinsu ba ya zube mata. Ta ce, "Ke Talatu, wannan hancin naki sai ka ce na gimbiya. Kin san Obida?" Na ce ban san shi ba. Ta ce ai ba kowa ya san shi ba, bai yi sarauta ba, bai ci yaƙi ba. Uwarsa Rut baƙuwa ce, mijinta ya mutu, kala take yi a gonar mutane ta ciyar da surukarta. Shi Obidan ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, kuma ta wannan gida Almasihu ya fito. Na ce, "Annabi Dawuda dai, Iya?" Ta ce, "Shi fa. Da Rut ta kifar da ƙwaryarta irin ke, da yunwa ta gama da gidan."

Na karɓi ƙwaryar. Kalar nan ita ta kai mu har sabon gero.

Yau gonata tawa ce, da gumina na same ta. Iya Saratu ta daɗe a ƙasa, masu gona kuma yanzu sai sun tankaɗe turɓaya kafin su bar fili. Ni dai duk kaka nakan ce wa masu cire mini gyaɗa kada su tona kunyar gefen hanya da kyau. Ban san kakar wane ce za ta biyo bayansu ba.