Turmin Baffa Sale

A gidanmu na Randagi, da an idar da sallar isha'i lokacin sanyi, kakata Iya Dije takan tura itace cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba mace ce mai wasa da yara ba. Tana gasa mana dankali, tana zagin duk wanda ya miƙa hannu kafin ya nuna. Amma ta iya tatsuniya, kuma a shekarar da nake tunawa, tatsuniyarta ta zama makami.

A shekarar ne ɗanta, Baffa Sale, ƙanin mahaifina, ya bar noma ya shiga haƙar zinari a daji. Yakan kawo duwatsu cikin buhu a kan babur, a daka su a tsakar gida, a kai garin dutsen tafki a wanke. Ƙura ta hau kwanuka, ta hau tabarmar da yara ke rarrafe. Iya ta yi magana har ta gaji, ya ce mata tsufa ne.

Ran nan yana zaune a ƙofar ɗakinsa, sai ta ɗaga murya: "Ga wata ta zo muku, wanda ta yi wa zafi ya toshe kunne."

Ta ce wai burgu ne ya haƙa rami ya tarar da dutse mai walƙiya. Ya riƙa wanke shi a tafkin da dabbobin daji ke sha, yana ba kowa ɗan rabo, don haka babu wanda ya tanka. Ana nan sai 'ya'yan barewa suka fara tangaɗi, 'ya'yan zomo suka daina gane uwarsu. Burgu ya kwashi kayansa ya bar dajin. Dabbobi suka taru wurin kunkuru, ya ce, "Jiki ya yi dauɗa a wanke da ruwa. To ruwan da me za ku wanke shi?"

Muka ce, "Iya, sai me ya faru?"

"Ku tambayi Baffanku, ga shi can. Ni tawa ta ƙare."

Baffa ya miƙe ya shuri buta. "Iya, ni kike kira burgu a gaban yara?"

"Na kama sunanka? Kai ka amsa."

Kafin damina ta faɗi, 'yarsa Ummi, wadda ta fara tafiya ke nan, ta kamu da jijjiga. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu, ta rasu a hanyar Birnin Gwari. Iya ba ta ƙara cin abincin da ya fito daga sashensa ba har ta koma ga Allah.

Yau ina cikin masu binciken yadda ake raba ƙasa da ruwa da gubar dalma, wadda ke fita daga ƙurar irin duwatsun da Baffa ke dakawa. Muna gwada gawayin ɓuntun shinkafa, muna dasa ciyawar jema a bakin tafkuna, wani wurin sai an kankare saman ƙasa an binne ta nesa. Aiki ne mai cin rai, mai tafiyar hawainiya. Da hanya ta ɗan yi sauƙi na je gida ɗibar ƙasa don awo. Baffa, da furfurarsa, ya tare ƙofa.

"Hajara, karatun naki ke nan? Ki zo ki nuna wa duniya ni na kashe 'yata?"

Na ce, "Baffa, jikokinka ne ke wasa a wurin nan."

"Fita mini daga gida."

Na fita, na ɗiba a bayan katanga. Yawan dalmar da awo ya nuna bai ba ni mamaki ba.

Da ina yarinya na ɗauka burgu kaɗai Iya ke zagi. Yanzu na gane har da masu karɓar rabo su yi shiru, kuma gidanmu kaf mun ci naman da zinarin ya sayo. Ban huce da Baffa ba, shi ma bai huce da ni ba. Jemar da muka dasa a bakin tafkin garinmu ta kama, ta yi kore shar. Daga inda take, idan ka kasa kunne, kana jin injin niƙan dutse yana aiki a saman rafi.