Gwiwar Yaya Sada

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sada, baduku a Ƙofar Marusa, kuma har yau idan na durƙusa a masallaci shi nake fara tunawa.

Kafin ya kama dukanci, Yaya gola ne. Ya tsare ragar unguwarmu a filin da babu ko tsiron ciyawa, tsakuwa zalla, kuma shi bai san ya tsaya ƙwallo ta zo ba, sai ya zube mata. Kafin ya cika arba'in gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa. A kujera yake sallah, can ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife shi. Wannan abu ya fi ciwon cin ransa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Shekarar da soja suka koma bariki, ni ne a ragar. 'Yan siyasa suka yi ta raba wa ƙungiyoyin unguwa riguna masu hotonsu, da takalma, har da usur. Babu wanda ya tuna gola yana da gwiwa. Yaya ya dubi rigar da aka ba ni ya ce, "Ta yi kyau. To in ka zube, a kan mi za ka faɗi, hoton?"

Sai ya zauna ya ɗinka mini kariyar gwiwa. Ta kanti soso ce a gaban ƙoƙon gwiwa kawai, shi kuwa ya ce masu yin ta ba su taɓa faɗuwa ba, don gola da gefen ciki yake dukan ƙasa, kuma duk nauyin jikinsa nan yake sauka. Can ya tara kaurin: fatar akuya a waje, robar taya a tsakiya, auduga a ciki. Gwajinsa ma abin kallo ne. Zai cusa ƙaramar ƙwarya cikin kariyar, ya ɗaga daidai ƙugunsa ya saki a kan dakali. Idan ta tsage ya farke ɗinkin ya sake. Matarsa sai da ta koma ɓoye ƙorenta.

Ni kuwa na ƙi sawa. Ina ji da ƙuruciya, ga abokai na tsokana wai an ɗaura mini matashin kai. Yaya bai yi mini faɗa ba. Ranar Juma'a ya ce in ɗauko masa kujerarsa, in bi shi da ita har masallaci, in zauna kusa da shi. Da aka sallame ya ce, "Ƙanena, dubi wajen nan da kyau. In ka ga ya yi maka, sai in sa a haɗa maka taka." Washegari na ɗaura kariyar, ban sake shiga raga babu ita ba. Kafin a jima gololin Ƙofar 'Yandaka da suka fi kowa yi mini dariya sun fara zuwa a auna su.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini a waya wani wasa da ake yi a kan ƙanƙara a ƙasashen sanyi. Golansu na zubewa da gefen gwiwa, kuma daidai nan aka tara masa kauri. Da Yaya na nan, na san zai ce sun yi ƙoƙari, sannan ya tambaya ko sun gwada da ƙwarya. Ina alfahari da shi ƙwarai, mutumin da bai wuce firamare ba.

Bai bar gida ba, bai bar suna a jarida ba sai wannan da nake rubutawa. Amma kujerun masallacinmu sun ƙaru, kuma wasu daga cikin masu zama a kansu tare muka buga ƙwallo. Ni da na haura hamsin, goshina na kaiwa ƙasa sau biyar a rana, in miƙe ba tare da na dafa kowa ba. A can ƙasan nake roƙa masa gafara. Allah Ya jiƙan Yaya Sada.