Wayar da ta Ratsa Katangarmu

Shekarar da muka cire tsofaffin batiran sola a gidanmu na Haɗeja, bazara ta yi tsanani ƙwarai. Batiran nan masu ruwa sun gaji, rana na faɗuwa fanka za ta fara jan ƙafa, can ta tsaya. Ni ne babba a 'ya'yan gidan, ina koyarwa a makarantar sakandare, don haka ni na je Kano na sayo batirin litiyam. Fari ne kamar ƙaramin akwati, a bango ake maƙala shi, kuma yana da ɗan gilashi mai nuna wutar da ke shiga da wadda ake sha.

Mai haɗa sola ya zo da hantsi ya ɗaura shi. Da ya gama sai ya ce mu kashe komai na gidan zai gwada. Inna ta kashe firji, matata ta zare cajar waya, ni kuma na bi ɗaki ɗaki ina kashe fanka da fitila. Muka taru gaban gilashin. Yana nuna har yanzu akwai abin da ke jan wuta.

Na ɗauka jabu aka sayar min. Mai haɗin ya ce ba daga batirin ba ne, ya shiga bin wayoyi. A bayan rumbun shinkafa ya tono wata siririyar waya da aka shafe da laka. Ta bi gindin katanga, ta shige wani ɗan rami zuwa gidan maƙwabcinmu.

Maƙwabcin nan tsohon masunci ne, kuma tun ina yaro ba sa ga maciji da Baba. Kan iyakar gona a fadama suka ɓata, bayan wata ambaliya ta share alamun da ke tsakaninsu. Mai unguwa ya raba gardamar, amma zukata ba su huce ba. Masallaci ɗaya suke salla, kowa da gefensa na sahu. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maƙwabcin. 'Ya'yansa suna garin Miga suna noma, matarsa kaɗai ke jinyarsa.

Na ce wa Inna ashe satar wuta ake mana, shi ya sa batiranmu suka mutu da wuri. Na karɓi filaya zan datse wayar, sannan in je in same su. Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince shinkafa. Wannan ya ƙara ɗaure min kai, domin ita ba mai barin magana ta wuce ba ce.

Baba na zaune ƙarƙashin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ajiye abin nan."

Na ce, "Baba, wutarmu fa suke ja."

"Ni na ja musu," in ji shi. "Mutum ba ya iya ko juyawa a kan gado, a wannan zafin, ni kuma in kwanta fanka na kaɗa min?"

Na ajiye filayar ina mamakin Baba. Mutumin da ko sunan maƙwabcin nan ba ya so a ambata a gabansa.

Inna ce ta warware min sauran. Ashe tun bara, ranar da muka tafi biki Jahun, Baba ya ji nishin maƙwabcin ta katanga. Ya sayo waya da ƙaramar fanka, ya huda katangar da hannunsa. Ya ja wa matar maƙwabcin kunne kada ta faɗa wa mijinta, in ya tambaya ta ce ni ne na ja wayar, ba Baba ba. A nan na gane dalilin da take tare ni a hanya tana sa min albarka, ni kuwa ina amsawa ban san ta mece ce ba.

Mai haɗin ya ce siririyar wayar tana iya zafi ta kama da wuta, ga ta kuma jikin rumbu. Baba ya ce to a sa mai kauri. Aka sa ta cikin bututu, aka yi mata makunninta daban.

Washegari na shiga gidan don in duba fankar, karo na farko tun da na yi wayo. Tsohon ya rame sosai. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, maganarsa na fita da ƙyar.

"Na san ba kai ba ne," ya ce. "Na ji tarin babanka lokacin da yake huda katangar. Kada ka gaya masa na sani."

Na fito na koma gida. Baba na bakin zaure yana shirin tafiya fadama. Ya tambaye ni jikin mutumin, ba tare da ya kalle ni ba. Na ce da sauƙi. Ya ce madalla, ya hau kekensa ya tafi.