Rigar Sanyin Da Na Zaɓa Wa Mahaifina

Edita, assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ban taɓa zaton wata rana nawa zai shiga sahu ba. Ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma har yau ba su san rabin abin da zan faɗa ba.

Ni haifaffen Gummi ne, ɗan fari a gidan malamai. Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, shi ke jan baƙi a tafsirin watan azumi a masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Allah ya ba shi murya da dogon numfashi. Yakan ɗauko doguwar aya ya kai ta ƙarshe bai tsaya ba, har akwai dattawan da ke tasowa daga Bukkuyum da Anka don su saurare shi. Ni kuwa boko ce ta ja ni. Bayan ɓarnar da gubar dalma ta yi wa yara a Yargalma da Abare, na karanta fannin ruwa da ƙasa, na samu tallafin ƙaro karatu a wani birni na arewacin Turai, daga baya na samu aiki a can na zauna. A wancan lokacin ni mutum ne mai jin kansa. Duk hoton da zan tura gida sai na duba shi sau uku, domin na fi damuwa da abin da za a ce a Gummi fiye da abin da ke gabana.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda uba yake da ɗansa na fari. Malam bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena su kira masa yayansu, in kuma muna tare sai ya yi maganar yana kallon wani gefe. Bai taɓa roƙona komai ba, bai taɓa yi mini kukan wani abu ba, ko ciwon kai ne sai dai in ji a bakin Inna mahaifiyata. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin tamu, kuma na girma a cikinta na san ta ciki da bai. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a yau, domin ba zan iya cewa ban sani ba.

Da yanar ido ta rufe masa gani har ya daina ganin rubutun littattafansa, na nace sai ya zo wurina an yi masa aiki. An daɗe ana lallashi kafin ya yarda. Ranar da asibiti suka ba mu ta faɗo tsakiyar lokacin sanyi, na ce ba komai, ai gidana da na'urar ɗumama ɗaki. Ana jibi zai taso Inna ta kira ni a waya, bayan gaisuwa ta ce: “Ka lura da shi hwa. Ka san halinai, ko mi yas same shi ba shi hwaɗa maka.” Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta. Ya sauka sanye da babbar riga ta shadda da rawani, da wata 'yar suwaita da ƙanwata ta saya masa a Gusau. Daga ƙofar filin jirgi zuwa mota kawai, na ga yadda iska ta cika masa riga ta ratsa shi.

Washegari na kai shi wani babban kanti don in saya masa rigar sanyi. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce, da ta dube shi ta tambaye ni daga wace ƙasa ya zo da kuma shekarunsa, sai ta wuce kai tsaye ta ɗauko wata ƙatuwar riga mai kumburi, ruwan ganye, mai hula haɗe da ita da gashi zagaye da bakin hular. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce cikinta gashin agwagwa ne, shi ke riƙe ɗumin jiki. Bayanta iska ba ta ratsa shi, ruwa ba ya jiƙa shi. Rigar ta sauka har gwiwa. Bakin hannun yana kama wuyan hannu. Zif ɗin yana hawa har haɓa ya rufe ƙirji da maƙogwaro. Ta ce tsohon da bai saba da irin sanyinsu ba, wannan ce tasa. Aka sa wa Malam. Na ga ya zura hannuwansa cikin aljihun, kafaɗunsa suka sauka, ya shafa gaban rigar a hankali kamar mai shafa buhun auduga. Na gani da idona, na kawar da kai.

Abin da na gani a madubi ne ya hana ni. A wajenmu irin wannan riga mai kumburi 'yan kabu-kabu ne ke sayen gwanjonta, su sa da sassafe in za su ɗauki fasinja zuwa Zugu ko ƙauyukan gefen gulbi. Nan take na hango hoton ya isa wayoyin dangi, na ji muryar taubasaina suna cewa na kai Malam Turai na mayar da shi ɗan kabu-kabu, saura babur. A can gefe kuwa ga wata doguwar kwat baƙa ta ulu, mai maɓallai, ta yi kama da jabba. Na sa aka kawo. Ta zauna masa ɗas a kan babbar riga, ta dace da rawanin, kwarjininsa ya fito. Dattijuwar ta girgiza kai ta ce wannan ta masu fita daga mota su shiga ofis ce, wuyanta a buɗe yake, ba ta da hula, kuma iska za ta shiga ta tsakanin maɓallai. Na yi kunnen uwar shegu da ita. Na juya na tambayi Malam wacce ya fi so, alhali na san ba zai zaɓa ba. Ya dubi ƙasa ya ce duk wadda aka ga ta dace. Ba don tsada na bar ta farkon ba, wannan ko a gaban Allah ba zan fake da shi ba. Na bar ta ne don kunyar idon mutanen da ke can gida cikin rana.

An yi aikin ido lafiya. Ranar da aka cire masa bandeji ya buɗe Alƙur'aninsa ya karanta da idonsa, na ga hawaye a gemunsa, ni ma na fita baranda na share nawa. Likita ya ce ya zauna makonni kaɗan a riƙa dubawa kafin ya koma. A Juma'ar da ta biyo baya muka fita masallaci. Dusar ƙanƙara ta kwanta ko'ina, ga iska mai yanka kunne. Malam ya yi alwala a gida, gemunsa bai gama bushewa ba. Bas ta yi jinkiri, muka daɗe tsaye a tasha. Ni ina cikin tawa rigar mai kumburi, irin wadda na hana shi, na ja hula har goshi. Na ga carbi na rawa a hannunsa, na ga leɓensa ya canza launi. Na tambaye shi ko yana jin sanyi, ya dubi titi ya ce: “Lahiya lau, alhamdu lillahi.” Zuciyata ta ce in tuɓe tawa in ba shi. Sai na ce ai ba zai karɓa ba, na bar maganar a nan. Bayan an idar da salla na tsayar da shi a ƙofar masallaci na ɗauke shi hoto na tura gida. Yabo ya yi ta shigowa, wani ya ce Malam kamar jakada, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Abin da ban sani ba shi ne, kullum in na tafi aiki, Malam yakan saka kwat ɗin nan ya taka da ƙafa zuwa wani ƙaramin masallaci da ke bayan unguwarmu don azahar da la'asar. Mutumin da bai taɓa salla shi kaɗai ba in dai yana jin ƙafarsa, ya za a yi ya zauna a ɗaki? Daga baya ne limamin wurin ya gaya mini cewa kullum yakan iso yana karkarwa, sai sun zaunar da shi kusa da na'urar ɗumi sun ba shi shayi kafin ya iya tsayuwa a sahu. Ya ce sun ɗauka ɗansa ba shi da hali ne, har sun fara shawarar su nemo masa riga. Tari ya fara, ya riƙa danne shi in ina gida. Zazzaɓi ya zo, ya ɓoye. Ban farga ba sai wata Asabar da na shiga ɗakinsa da hantsi na tarar da shi zaune a kan darduma ya jingina da gado, littafi buɗe a cinyarsa, numfashinsa na fita da ƙyar kamar ana jan zarto. Na taɓa goshinsa na ji zafi, na garzaya da shi asibiti.

A asibiti suka ce nimoniya ce ta kama huhunsa duka biyu, kuma an makara da kawo shi. Likitar da ta karɓe shi ta ga kwat ɗin a hannuna ta tambaya ko da wannan yake yawo a gari. Na ce e. Ta yi mini wani kallo, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya yi kwanaki da robar iska a hanci, akwai ranar da na cire rai. Inna takan kira, in ce da sauƙi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ba ta taɓa tuna mini maganar da ta yi ba. A cikin kwanakin nan na koma kantin. Dattijuwar ta gane ni, ta tambayi tsohon, na nuna mata inda rigar take. Ta ɗauko rigar nan ruwan ganye ta naɗe mini.

Ranar da aka sallame shi na durƙusa na sa masa ita da hannuna, na ja zif har haɓa, na ɗora masa hular a kan rawani. Muka fito ƙofar asibiti iska ta bugo mu. Ya tsaya, ya zura hannuwansa cikin aljihu yadda ya yi a kanti, sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo, ya ce: “Wagga kam akwai ɗumi.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau. Na so in nemi gafararsa a wurin, amma sai na buɗe masa ƙofar mota kawai.

Malam ya koma Gummi da idanu masu gani, amma huhunsa bai koma daidai ba. Da azumi ya zo na je gida, na zauna a sahun baya ranar buɗe tafsiri. Ya ɗauko aya da muryar nan tasa, bai kai rabi ba numfashi ya yanke. Ya tsaya, ya sake ɗaukowa, ya sake yankewa, tari ya sarƙe shi. A rana ta uku da kansa ya miƙa wa wani ɗalibinsa lasifika ya koma gefe ya zauna yana bi da leɓe. Mutane suka ce tsufa ne da canjin iska, suna ta sa mini albarka don na gyara masa ido. Kowace albarka aka sa mini sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Abin da na koya, Edita, shi ne iyayenmu ba za su ce mana suna shan wahala ba, musamman mu 'ya'yan fari. Tambayarsu ba ta sauke mana nauyi, domin mun riga mun san amsar da za su bayar. Ido za ka sa, ka yi abin da ya kamata ba tare da ka jira an roƙe ka ba. Ina kira ga 'yan'uwana da ke zaune a ƙasashen sanyi: in za ku kawo tsoho, ku saurari mutanen da aka haifa cikin sanyin nan. Ku nemi riga mai kauri da ta rufe wuya da kai ta sauka har gwiwa, wadda iska ba ta ratsawa, ko da kuwa ba ta yi muku kyau a hoto ba. Kada ku tufatar da iyayenku don idon mutane.

Bara na je gida lokacin ɗari. Da sassafe na tarar da Malam a zaure cikin rigar nan mai kumburi, ya ja hular a kan rawani, ɗalibai kewaye da shi, yana biya musu karatu guntu-guntu yana hutawa. Taubasaina da na ji tsoron bakinsu suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suka durƙusa suka gaishe shi, ɗaya ma ya ce rigar ta yi kyau, ina ma zai samu irinta. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran dariyar da na sayar da numfashin mahaifina don gudunta. Babu wanda ya yi dariya.