Ɗan Aljanin da Girgijensa Ya Tafi

Shin ɗan aljanin nan ya koma gida kuwa? Har yau ban sani ba, wanda zai gaya mini kuwa yana kwance a wata maƙabarta a Kuala Lumpur. Rubuta, 'yar nan, ƙyale hawayen, ba sa hana ni magana.

Ɗanmu ne ya kai mu can lokacin yana karatu, don likitoci su duba zuciyar Malam, maigidana. Gidan bene ne a unguwar Sri Petaling. Da safe kowa ya watse, a bar mu mu biyu kamar kaji a akurki. La'asar na yi, ruwa ya tsuge.

Zaman shiru ne ya sa Malam ya kunna wani faifan jikoki, irin zanen nan na Japan mai motsi. Labarin wani ɗan aljanin ruwan sama ne, bai fi tulu ba. Girgijensa ya tafi ya bar shi, wata tsohuwa mai sayar da taliya ta riƙe shi. Ba faɗa, ba kisa. Su wanke kwanuka, su je cefane, su yi shanya. In ya yi atishawa, sai ruwa ya sauko a cikin ɗaki.

Yarensu ba ma ji, don haka Malam ya naɗa kansa tafinta.

"Ta ce, ja'iri, ka sake jiƙa mini zane sai na soya ka da manja."

"Malam, a Japan har da manja?"

"To ke kin je ne? Yi shiru, Hajiya, ga shi yana ba da haƙuri."

Mutumin da a gida shi kaɗai yake cin tuwonsa a zaure, wanda tun aurenmu ban san yana da wushirya ba, shi ne yake dariya har da tari. Sannu a hankali na gane bakin tsohuwar nan nawa ne. Mitar da nake yi a madafa tun ina amarya, kan itace ɗanye, kan baƙin da ba sa sallama sai an sauke tukunya, duk ya kwashe ya sa mata. Ashe yana ji.

Ranar da za a yi masa aiki mun kai kashi na ƙarshe. Girgijen ya dawo ya tsaya bisa rufin, tsohuwar ta fito riƙe da ludayi, sai ga ɗanmu da makullin mota. Malam ya kashe na'urar.

Faifan yana cikin adakata. Jikoki sun sha cewa su kunna mini, su fassara mini na gaskiya. Ni ba na gaskiyar nake so ba.

Ran nan a bakin ƙofa, Malam yana gyara hula, ya waiwayo.

"Kada ki kalla ke kaɗai, Hajiya. Ba ki jin Japananci."