Jakar da Inna ta jira

Akwai wani yammaci na damina da har gobe ba ya fita raina, kuma ba na jin zai fita. Ranar ce ƙanwata ta dawo Filingué daga ƙasar waje, lokacin da ciwon daji ya kwantar da mahaifiyarmu.

Mu biyu Inna ta haifa. Ni na tsaya a gona da ɗan kasuwancin hatsi a Baleyara, ita kuwa ƙanwata lakwal, wato makarantar boko, ta karɓe ta, daga Yamai har ta samu tallafin karatu ta ƙetare. Abin da muka sani kawai shi ne tana bincike a kan maganin ciwon daji. To da cutar ta kama Inna a mama, likitocin Yamai suka ce ta riga ta yi nisa, sai matan unguwa masu zuwa gaisuwa suka riƙa kwantar mata da hankali. "Ke da ɗiyarki ke haɗa maganin abin ga? Bari dai ta zo." Tun Inna na murmushi har ta yarda. Kullum sai ta tambaye ni yaushe motar da za ta kawo ƙanwata za ta iso.

Ranar an yi ruwa da safe, ƙasa na ƙanshi, gero ya kai gwiwa. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a gindin iccen bedin da ke tsakar gida. Ƙanwata ta shigo, ta durƙusa ta rungume ta, suka daɗe haka. Amma ni na lura idon Inna na kan jakar da aka ajiye a bakin ƙofa. Aka fito da turmin zane, da turare, da takalma masu laushi. Inna na sa albarka, tana leƙen abin da ya rage a ciki.

Da jaka ta ƙare sai ta ce, "Ɗiyata, gwada mini aikin naki."

Ƙanwata ta ciro waya ta kunna wani hoto mai motsi. Wasu ɗige-ɗige ne baƙaƙe suna yawo cikin ruwa. Aka haska fitila daga gefe ɗaya, sai ga su duka sun juya sun nufi wuri guda kamar tumaki sun ga rijiya. Ta ce na'urori ne ƙanana ƙwarai, waɗanda silin gashi ma gungume ne a wurinsu. Haske ke tuƙa su. Idan suka taru a kan ƙullutun cutar, sai a ƙara musu wani haske mai ratsa fata, su yi zafi, su ƙone ƙullutun su bar lafiyayyen nama.

Inna ta sa aka maimaita mata hoton. Ta ce, "Kamar sakiya kenan, amma daga ciki." Ƙanwata ta ce kusan haka ne. Sai Inna ta miƙa hannu, tafin a buɗe. "To ina nawa?"

Na so in yi wata dabara, in ce kayan na hanya, amma ƙanwata ta riga ni. Ta kama hannun da aka miƙa mata, hawaye na zuba, ta ce, "Inna, ba a fara yi wa mutane ba. Har yanzu a jikin ɓeraye muke gwadawa. Da sauran shekaru."

Inna ta kawar da kai tana kallon rumbu. Can sai ta yi wata 'yar dariya mara ƙarfi. "Ɓeraye? Kusan nan da sunka gama cinye mini hatsi, su ne sunka riga ni samun magani?" Muka yi dariya muna kuka, mu uku a kan tabarma ɗaya.

Bayan kwanaki ƙanwata ta ce ba za ta koma ba, za ta zauna jinya. Nan ne kaɗai na ga ran Inna ya ɓaci. "Yayanki na nan, matarshi na nan. Ke mi za ki yi mini da su ba su iyawa? Ciwon ga ba kaina ya fara ba, kuma ba kaina zai ƙare ba. Tashi ki koma wurin kusanki." Da hutunta ya ƙare, Inna da kanta ta dafa bango ta raka ta har zaure.

Bayan an kai amfanin gona gida Allah ya karɓi abarsa. Ƙanwata na can har yau a kan aikin, kuma har yau ba a kai ga mutane ba. Wani lokaci idan mun yi waya takan ce ta gaji, sai kuma in ji ta koma ɗakin gwaji.

A da ina ganin tausayi shi ne ka ɓoye wa mara lafiya abin da zai ɓata masa rai. Ranar nan na gane ba haka ba ne. Da mun yi wa Inna ƙarya, da ta ƙare kwanakinta tana sauraron ƙarar mota. Da aka gaya mata gaskiya, ta ji zafinta na ɗan lokaci, sannan ta yi sauran kwanakinta tare da mu, tana hira, tana ba da umarni a gidanta kamar yadda ta saba.