Baba Ya Ce Ba Motarsa Ba Ce

Muna kan hanyar gonarmu ta Gbalahi, sai Baba ya ce in tsaya.

Motar tasa ce, tsohuwar fikof, ni nake tuƙa shi tun da idanunsa suka daina gani. Ta yi shekaru tana fizga duk lokacin da za ta sauya giya. A makon jiya na kai ta wurin fita, wato makanike, a Zogbeli, ya kwance ƙasan giyar, ya canza wani ɗan ƙarfe mai waya da suke kira solenoid, wanda ke buɗe wa man giya hanya. Fizgar ta ɓace. Ban gaya wa Baba ba, na bar shi ya ji daɗin da jikinsa.

"Abdul-Rahman, ka sayar da motata?"

"Baba, ai a cikinta kake zaune."

"Tawa takan zungure ni a baya da zarar mun hau titi. Wannan ba ta san ni ba."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya shafa kujera, ya shafa ƙofa, ya yarda nasa ne. Duk da haka ya ce a mayar da tsohon ƙarfen, in ba haka ba, zai koma hawa babur ɗin ƙanena.

Fitan ya ce tsohon ƙarfen zai iya ƙona giyar baki ɗaya. Tun ranar Baba bai sake shiga motar ba, kuma jiya na ga dattijon da ba ya gani a bayan babur, ya riƙe rigar ƙanena da hannu biyu.

Har yanzu ban gane inda na yi kuskure ba. Jama'a, da ku ne, me za ku ce wa fitan?